Amsar tambayarka kan auren Tamilawa da asalinsu

Ɗana Habibu, saƙonka ya iso. Ka ce abokin karatunka na Chennai, birnin Tamilawa a kudancin Indiya, ya auri 'yar kawunsa, amma da ka gaya masa mu har 'yar baffa muna aura sai ya riƙe baki. Kana tambaya daga ina wannan al'ada ta fito, kuma su wane ne mutanen tun farko.

Fara da kalmominsu na zumunta, don a nan amsar take. A Tamilanci ƙanin uba "chithappa" ne, wato ƙaramin uba, yayansa kuma "periyappa", babban uba. 'Ya'yansu 'yan'uwanka ne kamar ciki ɗaya, babu aure. Haka 'ya'yan 'yar'uwar uwa. Amma kawu "mama" ne, kuma da wannan kalmar ake kiran suruki. Gwaggo "attai" ce, suruka ma "attai". Harshen da kansa ya riga ya ɗauka cewa a gidan kawu ko gwaggo za ka yi aure. A cikin 'ya'yan 'yan'uwan iyaye, waɗanda muke kira taubasai su ne kaɗai ake aura a can. Kuskuren da baƙo ke yi shi ne ya ɗauka auren zumunci duk ɗaya ne. Ka yi hattara da wannan a gidan mutane.

Wannan tsari ana samunsa a harsunan Telugu, Kannada da Gondi, 'yan'uwan Tamilanci, shi ya sa masana ke ganin ya girmi rabuwar harsunan. Dangin harsunan ana kiransa Dirabidiya. Robert Caldwell ne ya yaɗa sunan a littafinsa na nahawu na 1856, daga kalmar "Dravida" ta Sanskrit, tsohon harshen Indiya. Masu magana da su sun haura miliyan 200, akasari a kudancin Indiya da arewacin Sri Lanka.

Batun inda suka fara zama kuwa, masana sun rabu. Wasu, irin su Asko Parpola da Iravatham Mahadevan, suna danganta su da biranen kogin Indus, Harappa da Mohenjo-daro a Pakistan ta yau, waɗanda suka bunƙasa tsakanin 2600 da 1900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Hujjarsu ɗaya ita ce hoton kifi da ya yawaita a hatiman biranen, wanda suke ganin tauraro yake nufi, domin "min" a Tamilanci kifi ne kuma tauraro ne. Sai dai rubutun gajeru ne ƙwarai, alamomi kamar biyar a hatimi, kuma har yau ba a karanta shi ba. Ana kuma kafa hujja da Brahui, harshen Dirabidiya a Balocistan ta Pakistan, amma wasu na cewa daga baya masu shi suka ƙaura can.

Abin da ni na fi ba wa nauyi wajen neman asalinsu shi ne abin da ƙasa ta ajiye a kudancin Indiya. A Utnur, Kupgal da Piklihal akwai tsibin toka manya, kashin shanu ne da makiyaya suka riƙa tarawa a garke suna cinna wa wuta, tun wajen shekaru 4,500 da suka wuce. A ƙarƙashin tokar Utnur an ga sawun kofato da ramukan turakun shinge. Makiyayan suna kuma noma ƙananan hatsi irin gero da wake iri biyu. Idan tsakiyar Janairu ta yi, ka nemi abokinka ya kai ka ƙauyensu ranar Mattu Pongal, bikin girmama shanu na Tamilawa, ka ga yadda ake wanke shanu, a shafa wa ƙahoninsu launi, a rataya musu furanni. Ka gaishe min da shi da amaryarsa.