Fitsarin jini da gyangyaɗi a aji

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara 10 ne, yana aji huɗu a firamare a nan Dadin Kowa. Malaminsu ya ce ba ya gane karatu, kullum sai gyangyaɗi. Kwanan nan kuma na ga jini a wandonsa, kakarsa ta ce alamar girma ce. Ko abin da dangantaka?

Amsa: Hajiya, a gaida Kaka da kyau, amma wannan ba girma ba ne. Ga dukkan alamu tsargiya ce. Ƙwayar cutar tana fitowa ne daga dodon koɗin da ke cikin ruwan dam da magudanan noman rani, ta huda fatar yaro yana wanka. In ta girma sai ta yi ta zuba ƙwai a jikin mafitsara, shi ne jinin da kike gani, galibi a ɗigon ƙarshe na fitsari.

Jinin kaɗan ne, amma kullum ne. Ja fatar idonsa ta ƙasa ki duba, ki kuma kalli tafin hannunsa. In sun yi fari fat, jininsa ya yi ƙasa, iskar da ke isa ƙwaƙwalwa ta ragu. Yaro irin wannan ko bulala goma aka yi masa ba zai riƙe lissafi ba, kuma ina takaicin yadda ake saurin kiransu daƙiƙai.

A yankin Busia na ƙasar Kenya, daga 1998, an raba wa ɗaliban makarantun firamare 75 maganin tsutsar ciki da na tsargiya. Fashin makaranta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Makin jarrabawa bai tashi nan take ba, kada ki ɗauka sha yanzu magani yanzu ne. Amma da aka bibiye su bayan shekara 20, waɗanda suka fi daɗewa suna shan maganin sun fi takwarorinsu samun kuɗi a kowace awar aiki da kimanin kashi 13 cikin 100.

Ki kai shi asibiti a gwada fitsari da jini. Maganin, Praziquantel, bisa nauyi ko tsawon yaro ake ba da shi, kuma sai an ci abinci. In aka bar cutar shekaru, tana lalata mafitsara da ƙoda. A ƙara masa zogale, wake da hanta in da hali, a daina haɗa masa abinci da shayi, don yana rage wa jiki zuƙar sinadarin ƙarfe mai gina jini. Wanka a dam kuwa, in ya koma cutar ma za ta dawo, sai a haɗa da ƙannensa a gwajin.