Amsa ga mai tambaya kan PlayStation Store: faifai ko saukewa?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka sayi PS4, abokai suna ta matsa maka ka bar faifai ka koma sayen wasa a PlayStation Store, shagon Sony na intanet, kai kuma kana tsoron wata rana a rufe shagon kuɗinka ya bi ruwa. Ka kuma tambayi yaushe ma abin ya fara. Tun zamanin PS3 nake hulɗa da shagon nan, na kuma daɗe ina buɗe wa mutane asusu, don haka bari in faɗa maka yadda na san shi.

Sony ta buɗe shagon a watan Nuwamba 2006, tare da fitowar PS3 a Japan da Amurka, Turai kuma sai Maris 2007. Na farkon ba wani abin a zo a gani ba ne, shafin intanet ne kawai da aka cusa cikin na'ura, ka danna ka zauna jira. Sai a Afrilu 2008 suka mai da shi manhaja mai zaman kanta. A lokacin ƙananan wasanni da na gwaji da tsofaffin wasannin PS1 ne suka fi yawa a ciki, manyan wasanni faifai ake nema. A 2010 aka kawo PlayStation Plus, ka biya kuɗin wata ko na shekara a riƙa ba ka wasanni, amma ranar da ka daina biya a kulle su.

Shekarar da ba na mantawa ita ce 2011. A ranar 20 ga Afrilu Sony ta kashe hanyar sadarwar PlayStation baki ɗaya, saboda masu kutse sun shiga sun taɓa bayanan asusu kusan miliyan 77. Kwana 23 babu mai iya shiga, shagon kansa bai dawo ba sai farkon Yuni. Kazuo Hirai da wasu manyan kamfanin sun tsaya gaban 'yan jarida a Tokyo sun sunkuya suna ba da haƙuri, daga baya aka ba kowa wasa 2 kyauta, irin su inFamous da LittleBigPlanet. A makonnin nan mai faifai yana ta bugawa abinsa, wanda bai riga ya sauke abin da ya saya ba kuwa sai kallon allo. Tun daga nan na fahimci cewa wasan da ke shagon ba a hannunka yake ba sai ya sauka cikin na'urarka.

Yanzu ga ainihin tsoronka. E, ana rufe irin waɗannan shagunan. Nintendo ta rufe na Wii a Janairu 2019, na 3DS da Wii U a Maris 2023. Microsoft ta rufe na Xbox 360 a Yuli 2024. Ita ma Sony a Maris 2021 ta ce za ta rufe na PS3 da PSP da Vita. Mutane suka yi ca a kanta, har shugaban sashen PlayStation na lokacin, Jim Ryan, ya fito a Afrilu ya ce sun yi kuskure, aka bar na PS3 da Vita, na PSP kaɗai ya tafi. Duk da haka, a Oktoban shekarar suka hana biya da katin banki a cikin PS3 da Vita. A duk waɗannan rufe-rufen sayen sabo aka hana, wanda ya riga ya saya an bar shi ya sake saukewa. To amma wannan alfarma ce kamfani ya yi, domin a yarjejeniyar da muke danna wa amincewa ba tare da karantawa ba, izinin amfani suka sayar maka. Kamar mai hayar shago ne, kana ciki kana harkarka amma takardar fili tana wajen wani.

Ba ma sai an rufe shago wasa ke ɓacewa ba. Konami ta cire P.T., wani wasan gwaji na ban tsoro, a Afrilu 2015, kuma wanda ya goge nasa bai sake samu ba. Sony ta cire Cyberpunk 2077 a Disamba 2020 saboda yawan matsalolinsa, ta mayar wa mutane kuɗinsu, sai Yuni 2021 ya dawo. Wanda ya fi taɓa mu shi ne ƙwallo: a Satumba 2023, gab da fitowar EA Sports FC 24, wanda ya gaji FIFA, EA ta janye tsofaffin FIFA daga shagon. Mai gidan wasan da yaransa suka saba da FIFA 23, in bai saya tun da wuri ba, dole ya shiga kasuwa neman faifai.

Mu kuma muna da tamu matsalar daban. Nijeriya da Nijar ba sa cikin ƙasashen da za ka zaɓa wajen buɗe asusu, shi ya sa kowa ke sa Amurka ko Ingila, ya sayi katin kuɗi ya loda. Ka kula sosai a nan. Ƙasar da ka zaɓa ba ta canzuwa, katin Ingila ba ya shiga asusun Amurka, kuma ƙarin kayan wasa sau da yawa sai sun dace da yankin faifanka. Wani yaro ya taɓa zuwa mini da na'urarsa a leda, idonsa ja wur. Wani ne ya sayar masa da asusu cike da wasanni a farashi mai sauƙi, bayan 'yan makonni mai asusun ya canza kalmar sirri, kowane wasa ya fito da ɗan kwaɗo a jikin hotonsa. Babu abin da na iya yi masa, don imel ɗin ba nasa ba ne. Abin ya ci mini rai, kuɗin da ya daɗe yana tarawa ne. Don Allah kada ka sayi asusun wani komai arharsa. Ka buɗe naka da imel ɗinka, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka rubuta lambobin ajiyar da za a ba ka a takarda.

Ni dai yadda nake yi, wasan da nake ƙauna ko nake tunanin sayarwa ko musanyawa nan gaba, faifai nake saya. Shagon kuma ina jiran lokacin rangwame, musamman na ƙarshen Nuwamba, inda farashi ke faɗuwa warwas. Ka kuma lissafa data, don wasa ɗaya na iya cin giga 50 ko fiye, ga ɗauke wuta ana tsakiyar saukewa. Duk abin da ka saya ka sauke shi, in wuri ya cika ka nemi ma'ajiyar waje ka jona, PS4 tana karɓa. Sannan ka shiga saiti ka mai da na'urarka ta zama ta farko a asusun, ta haka ko babu intanet wasanninka za su buɗe.