Man Sin ya kwantar min da kirci cikin kwana uku, in ci gaba da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekara shida ke nan ina fama da kirci a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, ƙaiƙayi har barci yake hana ni. Ƙanin maigidana da ke zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin saro kaya ya kawo min wani man shafawa da ƙullin saiwoyi na dafawa, ya ce can ma a asibiti ake ba da su. Kwana uku na shafa man, wurin ya kwanta luf. Saiwoyin ban fara sha ba tukuna. Ya kuma ce in gwada tsira allurai irin na mutanen Sin. Ina neman shawara.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. Ƙanin maigidanki bai yi ƙarya ba. A ƙasar Sin akwai manyan asibitoci na maganin gargajiya, masu ba da shi kuma sai sun yi shekaru a jami'a. A fahimtarsu, kirci irin naki yana zuwa ne daga zafi da laima da suka taru a jiki, ko bushewar jini idan ya daɗe. Sai mai magani ya duba harshe, ya taɓa bugun jini a wuyan hannu, sannan ya haɗa saiwoyi da ganye goma ko fiye, kowane mara lafiya da irin haɗinsa. To ke ba wanda ya duba harshenki. Ƙulli kawai aka miƙo miki.

Amma man ne ya fi tsaya min a rai, saboda kwana ukun nan da kika faɗa. Kircin shekara shida da ya kwanta cikin kwana uku, abu na farko da likitan fata zai zarga shi ne an zuba sitiroyid a ciki, wato irin sinadarin da ke cikin mayukan bilicin da yawa. Ba zato ne kawai ba. A 1999 likitocin wani asibiti a Landan sun karɓi mayukan gargajiyar Sin guda 11 daga hannun marasa lafiya suka auna, takwas daga ciki suka fito da sitiroyid mai suna dexamethasone, alhali babu inda aka rubuta hakan a jikin robar. Mu ma muna ba da sitiroyid a kirci, kuma yana aiki. Sai dai muna zaɓar ƙarfinsa, mu faɗi wurin da za a shafa da ranar da za a daina. Wanda aka ɓoye a cikin mai kuwa, mutum zai yi ta lafta shi wata da watanni yana ganin ai ganye ne. Sannu a hankali fata ta yi siriri kamar takarda, nankarwa ta fito, wurin ya yi fari ko ya yi duhu, ran da aka daina kuma kircin ya dawo da fushi fiye da da. Ki ɗauki robar ki kai wa likitan fata ya gani. Idan kin riga kin yi makonni kina shafawa, kada ki yanke lokaci guda, a rage miki a hankali.

Saiwoyin kuwa, kada ki sha. An taɓa gwada irin wannan haɗi da gaske. A farkon shekarun 1990 likitocin asibitin yara na Great Ormond Street a Landan sun lura wasu yara masu kirci suna samun sauƙi a hannun wata mai maganin Sin, sai suka gwada haɗin ganye goma, sakamakon da suka fitar a 1992 kuma ya yi kyau. Da aka sake gwajin a Hong Kong bayan 'yan shekaru, ba a ga wani bambanci ba. Masanan Cochrane, wata ƙungiya mai tattara binciken lafiya ta auna ƙarfinsa, da suka duba gwaje-gwajen a 2013 sun ce hujjar ba ta kai a yanke hukunci ba. Amfanin ke nan, yana tsakanin e da a'a. Illar kuwa an gan ta ƙiri-ƙiri. A Beljiyam, wajen 1992, mata kusan ɗari da suka sha maganin rage ƙiba suka samu ciwon ƙoda, saboda an musanya wata saiwa da wata mai kama da ita a suna, mai ɗauke da guba da ake kira aristolochic acid. A 1999 mata biyu a Ingila ƙodarsu ta mutu ta wannan hanya, su kuwa kirci suke nema wa magani, irin naki. Akwai kuma wani ɓawon saiwa, bai xian pi, da ake yawan sa wa a haɗin fata, wanda aka sha alaƙanta shi da ciwon hanta. Busasshiyar saiwa a cikin leda, rubutun jikinta da harshen da ba kya karantawa, ko ni da aka kawo min ba zan iya ce miki ga abin da ke ciki ba.

Kada ki ɗauka raina maganin Sin nake yi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga wata ciyawarsu aka ciro shi, dangin tazargade, har masaniyarsu Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a kansa a 2015. A fata ma akwai abin a yaba: man shuɗi da suke kira qing dai, wanda ake samu daga tsirrai irin su baban rini, an gwada shi a Taiwan a kan cutar psoriasis, mai sa fata ta yi kauri tana ɓarewa fari-fari, kuma ya taimaka. Amma wata cuta ce daban da taki, kuma kada wani ya ji haka ya nufi marinar Ƙofar Mata da kwano, ruwan rini da toka a ciki.

Allurar ita ce mai sauƙin magana. Siririya ce kamar gashi, ba a zuba komai ta cikinta, ana tsira ta a wasu gurabe a bar ta kamar minti ashirin zuwa talatin. Wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna tana rage ƙaiƙayi na ɗan lokaci. Ba ta raba mutum da kirci. Idan kina son gwadawa, ki tabbata a gabanki aka ɓare sabuwar allura daga ledarta, domin cutar hanta ta B tana bin allurar da aka maimaita, kamar yadda take bin askar wanzami. Kada a tsira a kan wurin da ke ruwa ko ya tsage. In kuma jikinki irin wanda hujin kunne ko ƙaramin rauni ke zama tabo mai tudu ne, abin da ya fi yawa a baƙar fata, ki haƙura da ita gaba ɗaya.

Kafin ki ga likita, ki rage wanka da ruwan zafi da sabulu mai ƙamshi ko mai kashe ƙwayoyin cuta, ki daina dirje wurin da soso. Da kin fito daga wanka, jiki da sauran danshi, ki shafa man kaɗanya ko basilin mara turare, safe da dare, musamman da hunturu. Ki yanke farce. Ran da za ki asibiti ki tafi da robar man da ƙullin saiwoyin duka, ki kuma faɗa wa likitan ranar da kika fara shafawa da sau nawa a yini.