Bel ɗin taimin ya tsinke bayan gyara: wa zai biya ɓarnar inji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina da Peugeot 406 da nake haya da ita tsakanin Kano da Zariya. Na ba bakanikena kuɗi ya sayo sabon bel na taimin ya ɗaura. Sati 3 da yin aikin, ina tafe da fasinja wajen Kwanar Ɗangora, mota ta mutu ɗif. Na yi ta buga kik, inji na juyawa da sauri fiye da yadda ya saba amma bai tashi ba. Da aka jawo ta gareji sai aka ga bel ya tsinke. Yanzu bakaniken ya ce inji ya gama yawo, in nemi ɗan Beljiyam, kuma babu ruwansa tunda lafiya lau ya ba ni mota. Shin ramuwa ta hau kansa? Kuma ya halatta in riƙe ragowar kuɗin aikinsa?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa.

Da kai da shi duk kun yi gaggawa. Shi ya yanke wa inji hukuncin kisa bai buɗe shi ba, kai kuma kana neman a yanke masa na ramuwa ba a gano musabbabi ba.

Asali a mazhabar Malikiyya shi ne abin da Ibnu Abi Zaidin ya faɗa a Risala: masu sana'a suna lamunin abin da suka keɓanta da shi, ko da lada suka yi aikin ko kyauta. Malamai sun tsaurara haka don kare dukiyar jama'a, domin ba kowa ke iya tsayawa a kan tela ko maƙeri har ya gama ba. Sai dai wannan hukunci yana magana ne a kan abin da ya ɓata ko ya lalace yana hannun mai sana'ar. Motarka kuwa ta bar gareji, ta yi sati 3 a titi. Saboda haka ramuwa ba ta hawa kansa sai an tabbatar ɓarnar daga aikinsa ta taso: ko ya yi sakaci, ko ya yi ha'inci, ko ya taɓa abin da bai iya ba. Kai ne mai da'awa, kuma Annabi (SAW) ya ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musanta. Hujja a irin wannan tana bakin masana inji. Allah yana cewa a Suratun Nahli, aya ta 43, ku tambayi ma'abuta sani idan ba ku sani ba.

Na zauna da masu wannan sana'a kafin in amsa, don hukunci a kan abu yana biyo bayan fahimtarsa. Bel ɗin nan shi ke haɗa juyawar ƙasan inji da ta sama, ƙasa ya zaga sau 2 sama ya zaga sau 1, ta yadda bawul zai rufe kafin fistin ya iso. A injin 406, wurin da bawul ke sauka idan ya buɗe nan ne fistin ke hawowa, lokaci kawai ke raba su. Bel na tsinkewa sai sama ya tsaya da wasu bawul a buɗe, ƙasa kuma bai daina gudu ba, fistin ya doke su su lanƙwashe. Ba kowane inji ke haka ba. Camry mai inji 2.2 ta ƙarshen shekarun 1990 bel ɗinta kan tsinke a ɗaura wani a wuce. Saurin juyawar da ka ji lokacin kik alama ce ta iska na zurarewa. Kik ɗin kuskure ne, kada ka ƙara, amma mota da ke gudu a babban titi yawanci ɓarnarta ta auku tun a daƙiƙar farko, don haka bakaniken ba zai fake da wannan ya kuɓuta ba.

Ga abin da za ku yi. Ku samo ƙwararru biyu adalai waɗanda ku duka kuka yarda da su, a yi binciken a gabanku. Su ɗaura bel bisa maki, su juya inji da hannu su ji ko yana cijewa. Su cire filogi su auna matsin kowace silinda, ko su hura iska ta ramin filogi: in ta fito ta salansa ko ta mashigar iska, bawul ba ya rufewa. Sannan a sauke top, wato saman injin inda bawul suke, a duba kan fistin. Sau da yawa bawul ne da gasket kawai za a canza. Bakaniken da ya san haka ya ce a sayi inji don ya huta ko don ya ci wani abu a ciki, ya shiga faɗin Annabi (SAW) da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi algus ba ya tare da shi.

Tsohon bel ɗin kuwa, ka karɓe shi yau ka adana kafin yaran gareji su ɗaure kaya da shi. Shi ne babban shaidarka. Idan masana suka ga an ɗaure shi ya yi tsauri ko sako-sako, ko an bar ƙusar ajasta, wato abin da ke daidaita tsaurin bel, ba a matse ba, sakaci ne, ramuwa ta tabbata a kansa. Idan ya karɓi kuɗin mai kyau ya je kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa ya sayo jabu yana sane, wannan ha'inci ne, zai biya ɓarna kuma ya dawo da rarar kuɗin. Idan boris ɗin ajasta ko na famfon ruwa ne ya cije ya cinye bel, ko baƙin mai na ɗiga a kansa, sai a tambaya: ya faɗa maka a canza su ka ce a lallaɓa zuwa wani wata? In haka ne asarar taka ce, kuma direbobinmu sun san sau nawa suke faɗin wannan kalma. In kuwa ya buɗe wurin bai duba ba, alhali al'adar masu sana'ar ita ce a duba su tare da bel, ko ya gani ya yi shiru, to ya gaza a aikin da aka biya shi. Idan shi ma mai shago ne ya ruɗe shi da kwalin da ko gwani ba zai bambance ba, to bakaniken wakilinka ne amintacce, babu ramuwa a kansa, sai ku koma wa mai shagon da da'awar aibi.

Inda ramuwa ta tabbata, gwargwadonta shi ne abin da zai mayar da injin yadda yake kafin haɗarin: kayan da suka lalace da kuɗin aiki. Ba ka da haƙƙin sabon inji a madadin tsoho. Ragowar ladansa kana iya dakatar da ita har masana su yi magana, da sharaɗin ka sanar da shi dalili. In suka wanke shi ka biya nan take, in suka kama shi a cire daga abin da ke kansa. Kwashe masa kayan aiki ko kai shi a tsare ba hanya ba ce. Idan masanan suka kasa gano musabbabi, zai rantse cewa bai yi sakaci ba ya kuɓuta, sai fa in kun zaɓi sulhu a gaban shugabannin garejin, misali ya yi aikin kyauta kai ka sayi kaya. In abin ya ci tura, alƙali ne zai raba ku.

Wallahu a'alam.