Kafin a sauke injin Prado da giyarta, a fara biyan kuɗin bincike

Wani ɗan kasuwa mai sayen riɗi da zoɓo a ƙauyukan arewacin Jigawa da Yobe yana kaiwa kasuwar Dawanau ya aiko da tambaya a kan motarsa, Toyota Prado ƙirar 2007, mai shan fetur, mai silinda shida da giya otomatik. Ya ce tun ƙarshen damina motar take yin zafi idan ta shiga yashi, giya tana jinkirin shiga, wani lokaci kuma inji ya yi ta ruri amma motar ba ta ja. Makaniki ɗaya ya ce giya ta mutu, na biyu ya ce gaskit ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, na uku ya ce a sauya inji da giya gaba ɗaya a huta. Yana so ya san ko ya ciri kuɗi daga jarin kaka ya sayi inji da giya na Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje, ko kuwa ya sayar da motar.

Alhaji, shawarata ita ce kada ka taɓa jarin kaka, kuma kada ka kai motar wajen dillalai, sai ka biya kuɗin bincike na gaskiya ka ga sakamakonsa da idonka. Makanikai uku sun faɗi magana uku ne domin babu wanda ya auna komai a cikinsu, kowa ya saurari ƙarar inji ya yi hasashe, alhali kuɗin awon da zai raba gardamar bai kai ko kusa da kuɗin giya ɗaya ba.

Abin da ya fi jan hankalina a bayaninka shi ne zafi da matsalar giya sun zo tare, kuma wannan yana sa ni zargin cewa tushen ciwon guda ɗaya ne. A galibin irin waɗannan motoci, man giya yana bi ta cikin wani bututu da ke jikin lagireto domin ya huce. Idan lagireto ya toshe da laka da tsatsa, ko fanka ta yi rauni, ko kuma an daɗe ana zuba ruwan rijiya zalla a maimakon ruwan sanyaya inji, to inji zai yi zafi, man giya ma ba zai sami inda zai huce ba, ya tsinke, faranta masu kama giya su fara zamewa. Mafi muni kuma, idan bututun nan ya fashe, ruwa ya gauraya da man giya, man ya koma kalar madara da aka ɗiga wa jan zoɓo. Wanda ya sayi wata giya ya ɗaura a kan wannan lagireto zai sake kashe ta cikin ɗan lokaci, ya zama ya biya kuɗi sau biyu a kan ciwo ɗaya.

Saboda haka a fara da na'urar bincike ta kwamfuta. Motar tana da soket mai ƙofofi 16 a ƙarƙashin sitiyari, kuma ya fi kyau a sami mai na'urar da ke karanta kwamfutar Toyota sosai, irin manhajar Techstream, domin ƙananan na'urori sukan karanta ɓangaren inji su bar na giya. Ka sa a rubuta maka lambobin da suka fito a takarda kafin a goge su. Lamba P0300 tana nuna inji yana tsallake wuta, P0301 zuwa P0306 suna nuna silindar da abin ya shafa, P0171 tana nufin iska ta fi mai yawa, P0741 kuma tana nuni ga kulochin da ke cikin kwanbata, wato kaskon da ke haɗa inji da giya. Injin da fulogi ko kwayil ɗinsa ya lalace yakan sa mota ta riƙa fizga har direba ya rantse giya ce. Haka nan batir mai rauni yana rikita kwamfutar giya, don haka a auna shi: lafiyayye yana ba da ƙarfin wuta na kusan bolt 12.6 idan mota tana kashe, ya hau tsakanin 13.5 da 14.5 idan inji yana aiki. Ka kuma tabbata fitilar gargaɗin inji tana kamawa idan an murɗa makulli, domin akwai masu cire ƙwanta kafin su sayar da mota.

Daga nan a dubi man giyar kansa. Prado ta wannan shekara mai silinda shida galibi tana ɗauke da giya mai hawa biyar da ake kira A750F, wadda ba ta da sandar auna mai, ana auna ta ne daga ƙasa idan man ya kai wani zafi na musamman, kuma man da Toyota ta ƙayyade mata shi ne ATF WS. Ka duba lambar giyar a jikin takardar shaidar motar da ke manne a bakin ƙofa ko cikin bonet, ka kuma tambayi direbanka wane mai aka zuba mata a baya, domin zuba man da bai dace ba yana daga cikin abubuwan da suka fi kashe giya a garejinmu. A kwance farantin ƙasan giya a gabanka, gani ya kori ji. Idan man ja ne ko ya ɗan yi duhu, kuma ƙurar da ke manne a maganaɗisu laushi gare ta kamar kwalli, akwai kyakkyawan fata cewa sauya mai da matatarsa da gyaran solinoyid, wato bawul na lantarki mai sarrafa man giya, zai wadatar. Idan kuwa man baƙi ne yana warin ƙuna, ga ɓarɓashin ƙarfe a ciki, to giyar ta ci kanta, sai buɗewa ko sauyawa.

Maganar gaskit ba ta buƙatar gardama. A auna ƙarfin matsin kowace silinda a rubuta, a duba ko kumfa na tasowa a bakin lagireto, ko farin hayaƙi yana fita daga salansa bayan inji ya ɗumama, ko ruwa ya shiga baƙin mai. Ko da ya tabbata gaskit ne, gyaran kan inji ake yi, ba a sayen sabon inji a kansa sai idan jikin injin ya tsage ko ya buga.

Idan sakamako ya fito, sai a zauna a yi lissafi. Rubuta abin da kake kashewa a hayar wata mota a kowane mako da taka take ajiye, ka haɗa da kuɗin gyara, ka kwatanta da abin da motar za ta yi a kasuwa bayan an gyara ta. Mota mai mutuwar giya dillalai a wulaƙance suke taya ta, don haka sayar da ita a wannan hali shi ne zaɓin da ya fi asara, sai fa idan inji da giya duka sun tafi kuma kuɗin gyaransu ya kusa darajar motar. A lokacin kaka kuɗin da ke cikin buhunan riɗi yana juyawa yana kawo riba, saboda haka idan gyaran babba ne, ya fi maka ka ɗauki haya na 'yan makonni ka biya gyaran daga riba, da ka yanke jari a tsakiyar kasuwa.

Idan ta kama dole a sayi giyar Beljiyam, ko a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ka tabbata lambarta ta yi daidai da taka, ka rubuta yarjejeniya da mai kaya a gaban shaidu a kan kwanakin gwaji da sharaɗin mayarwa, ka sayi man da hannunka, a wanke bututan sanyaya mai ko a sauya lagireto, sannan tsohuwar giyar ta dawo hannunka domin ita ma kuɗi ce. Kafin duk wannan, kada a ja motar da igiya zuwa gareji tayoyinta suna ƙasa, domin famfon man giya ba ya aiki idan inji yana kashe, a ɗauko ta a kan babbar mota. Ka kuma gaya wa direba cewa idan ya shiga yashi mai zurfi irin na wajen Yusufari da kaya a baya, ya sa ƙaramar giyar fowil mai alamar L, kuma idan fitilar zafin man giya ta kama ya tsaya, ya mayar da giya P, ya bar inji yana aiki har fitilar ta mutu kafin ya ci gaba.