Amsa: Ƙararrawar tsaro idan intanet ɗin gida ya ɗauke

Malam, ka ce ƙararrawar gidanka ba ta turo maka saƙo a waya da zarar intanet ɗin waya mai shigowa gida ya yanke. Ka fara duba akwatin ƙararrawar, da yawansu suna da ramin sim. In akwai, sa layi kawai, don ita za ta iya turo tes ko ta kira ka ko babu data. A watan Maris na 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace, intanet ya yi ta wahala a Najeriya, amma kira cikin gida bai tsaya ba.

In babu ramin, nemi rauta (na'urar da ke raba intanet a gida) mai 4G da ke komawa kan sim da kanta in intanet ɗin gida ya yanke. Ƙararrawa ba ta cin data sosai, kyamara ce mai haɗiye ta.

Kada layin ya zama na kamfanin da ke ba ka intanet ɗin, don kada su ɗauke tare. Ka haɗa shi da NIN, ka riƙa sa masa kati, in ba haka ba a rufe shi ba ka sani ba.

Sai batun wuta. NEPA ta ɗauke, rauta ta mutu, sim ba shi da amfani. Ka haɗa ta da inbata ko ƙaramin batir, sannan ka zare wayar intanet ɗin da gangan ka ga ko saƙo zai shigo.