Maigidana yana Libiya, barci ya ƙaurace mini: me ke damuna?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce a Tawa, da yara huɗu. Maigidana ya tafi biɗa Libiya. Da yana aiko da ɗan abin da ya samu, yanzu kuwa wata uku ke nan sai dai muryarsa jefi-jefi a WhatsApp. Ga tsadar hatsi, ga labarin hare-hare kullum. Barci ya ƙaurace mini, ko ƙofa aka buga sai gabana ya faɗi, kaina na ciwo, ina yi wa yara tsawa ba gaira ba dalili. An auna ni a CSI, wato asibitin unguwa, babu masassarar cizon sauro, babu hawan jini. Uwar mijina ta ce iska ce, ƙawata ta ce ƙarancin tawakkali ne. Me ke damuna?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya dawo da maigida lafiya, ya yaye miki wannan nauyi.

Abin da kika zayyana alamun damuwa ce da ta daɗe har ta sauka a jiki, kuma ciwo ne na gaske ko da awon jini bai nuna komai ba. Idan mutum ya tsorata, jikinsa na sakin wasu sinadarai, adirenalin da kotizol, waɗanda ke sa zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, tsokar wuya da kafaɗa ta ɗaure. Allah ya halicce mu haka ne don mu tsere wa haɗari, idan ya wuce jiki ya kwanta. Ke kuwa abin da kike tsoro bai da ranar wucewa: shirun maigida, farashin tiyar hatsi, abin da za ki ji gobe a rediyo. Jikinki ya zama kamar mai gadin da aka hana shi sauka daga aiki wata uku. Ciwon kan nan daga ɗaurewar tsoka yake, tsawar da kike yi wa yara kuma gajiya ce da rashin barci.

Maganar ƙawarki ta dame ni, domin irinta ce ke hana mata da yawa buɗe baki. Annabi Yaƙuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni. Ki riƙe sallarki da addu'arki, suna sanyaya zuciya ƙwarai, ki kuma nemi magani. Kuma ki sani kuna da yawa a wannan hali. A ƙiyasin da hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta fitar a 2019, kusan mutum ɗaya cikin biyar a yankunan da rikici ya shafa yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar tsananin fargaba ko ciwon damuwa. Jihar Tawa kuwa ta ga abin da ta gani: harin yankin Tiliya a watan Maris na 2021 ya ci rayuka 137, sannan takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, da rufe iyakoki bayan juyin mulkin 2023 a Nijar suka ƙara wa talaka tsadar rayuwa.

Mu fara da dare, don a nan ciwon ya fi cin ki. Na san me ke faruwa: yara sun kwanta, kin jawo salula ƙarƙashin gidan sauro kina duba ko ya hau WhatsApp, babu shi, sai ki faɗa cikin saƙonnin murya na ƙungiyoyi, wannan ya ce an kama baƙi a Libiya, wancan ya turo hoton gawa. Da yawansu ba a san asalinsu ba, wasu tsofaffi ne ake sake yaɗawa, amma zuciyarki ba ta tantance wannan da tsakar dare. Ki ware lokaci ɗaya da rana na jin labarai, daga kafar da kika amince da ita. Bayan sallar isha'i ki ajiye wayar nesa da shimfiɗa, ki bar ƙararrawarta a buɗe, in ya kira za ki ji. Idan kun samu magana, ku tsayar da rana guda a mako da zai riƙa nemanki, ko da gaisuwa ce kawai. Shayi da goro da kofi kuma ki tsayar da su daga la'asar.

Duk lokacin da gabanki ya faɗi, ki zauna, ki ɗora hannu a ciki, ki ja numfashi ta hanci a hankali kina ƙirga huɗu, ki sake shi kina ƙirga shida, ki maimaita kamar minti biyar. Tsawaita fitar numfashi na rage bugun zuciya.

Sai maganar kuɗi, wadda numfashi ba zai warware ba. Kada kunya ta sa ki haɗiye ta ke kaɗai. Ciyar da yaran nan haƙƙi ne a kan dangin ubansu ma. Ki samu babban wansa ko kawunsa ki faɗa masa halin da gidan ke ciki ƙarara, buhu nawa ya rage, me ake bin ku. Uwar mijinki kuma kada ki yi jayayya da ita kan iska. Ita ma ɗanta ne ke can, wataƙila ba ta barci kamar ke. Ki ce, "Inna, mu yi addu'a, mu kuma koma asibiti tare." Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne duka ko ɗauri ko hayaƙi mai shaƙe numfashi da sunan fitar da iska. Ki kuma nemi mace ɗaya mai riƙe sirri, ƴar'uwa ko abokiyar adashi, da za ki riƙa amayar mata da abin da ke ranki. Yara kuwa suna gani. In kin yi musu tsawa, ki jawo su daga baya ki ce kin gaji ne, ba laifinsu ba ne.

Ina roƙon ki, kada ki sayi ƙwayar barci ko tiramol a hannun masu yawo da magani a tire. Irin su diyazefam suna sa barci kwanakin farko, daga nan jiki ya saba, ya nemi ƙari.

Ki koma CSI, wannan karon ki faɗa musu duk abin da kika rubuto mini, ba ciwon kai kaɗai ba. A duba ƙarancin jini da maƙoƙo, don su ma suna kawo bugun zuciya da kasala. Idan kin kai mako biyu kullum cikin baƙin ciki, abin da ke faranta miki rai ya daina, abinci ya fita ranki, aikin gida ya gagare ki, to a tura ki babban asibitin jiha da ke Tawa ki ga ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa. A Yamai ma akwai sashen a babban asibitin ƙasa. In an rubuta miki maganin ciwon damuwa, yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ji aikinsa, kuma ba a yanke shi sai da shawarar likita. Amma idan tunanin cewa gara mutuwa ya zo miki, ko na cutar da kanki ko yara, ko kika ji ciwon ƙirji mai tsanani, kada ki jira mako biyun. Ki faɗa wa wani na kusa nan take, ya raka ki asibiti a ranar.